Turmin haƙorina ya yi ruwa: a cire ne ko a wanke jijiya?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Zariya, shekaruna 31, ina goyon yaro ɗan wata biyar. Tun ina da ciki turmin haƙorina na ƙasa ta hagu ya yi kogo, yana hana ni barci. Na yi ta cusa kanumfari, ina shan magungunan kemis. Can sai ciwon ya ɗauke ɗif kusan wata biyu, har na ce Allah Ya yaye. Yanzu kuma wani ƙurji ya fito a dasashin, ya fashe ya koma, ya fashe ya koma, bakina yana wari, ba na iya tauna ta wajen. Na je asibiti an ɗauki hoto, likita ya ce jijiyar ta mutu, mugunya ta taru a ƙarƙashin saiwa. Ya ce ko a cire, ko a yi wankin jijiya a sa masa hula, amma kuɗin wannan ya ninka na cirewa sau da yawa. Maigidana ya ce a cire kawai a huta. Yayata ta ce nata da aka wanke ya dare bayan shekara ɗaya, ta yi asara biyu. Na kuma ga wani bidiyo a waya ana cewa barin mataccen haƙori a baki yana jawo ciwon daji. Adashina sai nan da wata biyu zan ɗauka. In jira ne, ko in cire?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, sannu da goyo, Allah Ya raya mana yaron.

A cikin wasiƙarki abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kalmar nan ta ƙarshe, “in jira ne”. Likita ya ba ki hanya biyu, ke kuma kin ƙara ta uku, wato zama da haƙorin yadda yake har adashi ya zo. Biyun da ya ba ki duk magani ne, kowacce kika bi za ki rabu da ciwon. Ta ukun ce kaɗai ba na so ki bi, kuma ita ce mafi yawanmu muke bi.

Ɗaukewar da ciwon ya yi wata biyu ba warkewa ba ce. Haƙori ba dunƙulallen ƙashi ba ne kamar yadda muke ganinsa. A tsakiyarsa akwai ɗan ɗaki, daga ɗakin kuma siraran hanyoyi sun gangara cikin saiwoyi, a ciki akwai jijiya da ƙananan hanyoyin jini. Lokacin da kogon ya ci ya kai ɗakin nan, ƙwayoyin cuta suka shiga, naman ya kumbura a wurin da ba shi da inda zai buɗa, shi ne azabar da ta hana ki barci. Da jijiyar ta mutu sai mai kai rahoton zafi ya yi shiru. Ƙwayoyin cutar kuwa ba su je ko'ina ba, sun samu gida ne, suka bi ta ƙarshen saiwa suka fara cin ƙashin muƙamuƙi. Ƙurjin nan mai fashewa yana komawa kwata ce mugunya ta haƙa wa kanta. Muddin tana zuba, zafin zai yi sauƙi. Ranar da ta toshe, ranar kumatu zai tashi.

A nan ne maganin kemis yake yaudarar mutane. Amoksilin da Flagyl jini ne yake ɗaukarsu ya kai su inda ciwo yake. Cikin mataccen haƙori kuwa jini ya daina shiga. Sai maganin ya kwantar da kumburin da ke kewaye, ki ji daɗi sati biyu ko uku, tushen abin yana nan ba a taɓa shi ba. Haka za a yi ta yi, kina ƙarar da kuɗi, ƙwayoyin cutar suna sabawa da maganin. Kanumfari yana dusashe zafi na ɗan lokaci, iyakarsa ke nan. Masu ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ko ɗiga ruwan batir a kogo, ƙone naman bakinsu kawai suke yi. Don Allah ko wa ya ba ki wannan shawarar kada ki karɓa.

Akwai kuma abin da nake so ki karanta wa maigidan da bakinki. Saiwoyin turamen ƙasa suna kusa da ƙasan harshe da wuya. Wani lokaci mugunyar takan ɓalle ta can, ƙarƙashin haɓa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago, hanyar numfashi ta matse. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ne ya bayyana wannan ciwo a 1836, har yau da sunansa ake kiransa, kuma har yau yana kisa idan aka makara. In kika ga kumburi yana gangarowa wuya, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko murya ta canza, ko zazzaɓi mai zafi ya rufe ki, ba a jiran gari ya waye. Ko ƙarfe biyun dare ne a kai ki sashen gaggawa na asibitin koyarwa da ke Shika. Ban faɗa don in tsorata ki ba, yawancin masu irin ciwonki ba sa kaiwa nan. Na faɗa ne don ki san abin da ake caca da shi idan aka ce a bari sai wata biyu.

To, a cire ko a wanke? Ra'ayina, in haƙorin zai gyaru, kuma za ki iya kai aikin ƙarshensa, a wanke shi ki bar abinki a baki. Amma sharuɗɗan nan biyu da na gindaya su ne maganar gaba ɗaya.

Wankin jijiya, wanda za ki ji ma'aikatan asibiti suna ce wa “rut kanal”, ba wani abin tsoro ba ne in kin san yadda ake yinsa. Za a yi miki allurar kashe zafi, a huda haƙorin ta sama, a shiga da wasu siraran ƙarafa masu kama da allura a kankare ruɓaɓɓen naman da ke cikin hanyoyin saiwa. Ana yi ana ɗaurayewa da wani ruwan magani, dangin bilic ɗin wanki ne amma an tsarma shi daidai aikin. Turmin ƙasa yawanci saiwa biyu gare shi, hanyoyin ciki kuma uku ko huɗu, kowacce sai an nemo ta an bi ta har ƙarshe, shi ya sa aikin yake cin lokaci, shi ya sa kuma yake da tsada. Haƙorin da ya yi mugunya irin naki sau da yawa sai an je sau biyu ko uku: a wanke, a zuba magani a ciki, a rufe da cikon wucin gadi, a ce ki dawo. Idan ciki ya bushe sai a cike hanyoyin da wani irin ɗanko, a toshe sama da ciko mai ƙarfi. Ƙashin da mugunya ta ci a ƙarƙashin saiwa kuwa da kansa yake tsirowa cikin watanni, tun da an rufe masa mafitar ƙwayoyin cuta.

Sai hula. Ina jin a nan labarin Yayarki ya karkace. Ki tambaye ta, bayan an wanke an sa mata hula? Ina kyautata zaton za ta ce a'a, zafi ya tafi sai ba ta koma ba. Turmin da kogo ya cinye, aka kuma huda tsakiyarsa, ya zama kamar rumbun da bangonsa ya sirance. Da shi ake tauna ƙashi, da shi ake fasa aya da goro. Wata rana a kan tsakuwa ɗaya a cikin shinkafa sai ya dare biyu, in kuwa tsagar ta gangara saiwa babu sauran gyara. Hular nan, irin yadda ake lulluɓe haƙorin Makka amma mai rufe haƙorin gaba ɗaya, ita ce ɗaurin da ke riƙe bangon. A 2004 an wallafa wani bincike a Amurka da ya bi diddigin haƙora sama da miliyan 1.4 da aka yi wa wankin jijiya. Bayan shekara 8, kashi 97 cikin ɗari suna nan a bakin masu su. Cikin 'yan kaɗan ɗin da aka cire kuwa, kashi 85 cikin ɗari ba a sa musu hula ba. Can Amurka ce, kayan aikinsu da sauƙin komawa asibiti ba ɗaya suke da namu ba, amma haƙori haƙori ne, abin da ke fasa shi a can shi ke fasa shi a Zariya.

Don haka idan za ki yi lissafin kuɗi, ki haɗa da na hula tun farko. Wanda ya fara wankin jijiya ya tsaya a cikon wucin gadi ya fi wanda ya cire asara. Cikon nan na 'yan makonni ne, yana zaizayewa, yawu ya koma ciki da ƙwayoyin cutarsa, duk wankin da aka yi ya tashi a banza. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kin duba tsakaninki da Allah kin ga ba za ki iya kammalawa ba, ki cire, babu laifi kuma babu abin kunya a ciki.

Maigidanki bai yi kuskure ba da ya ce cirewa hutu ne. Aiki ne na zama ɗaya, tushen ciwon ya fita gaba ɗaya, kuɗinsa kaɗan. Abin da ba a faɗa wa mutum shi ne abin da ke biyo baya a hankali, ni kuma na san shi a bakina. Ina 'yar shekara ashirin da 'yan kai aka cire mini turmin ƙasa na dama. An yi mini maganar wankin jijiya, na ga kuɗin, na ce a cire. Na ji daɗi sosai a lokacin. Shekarun farko ban ga komai ba. Daga baya na lura haƙorin da ke bayan giɓin ya fara kwantowa gaba, kamar katangar da damina ta ci gindinta. Na sama, da ya rasa abokin karo, ya zazzago ƙasa. Tsakanin wanda ya kwanta da dasashi wani lungu ya buɗe, in na ci nama ko zogale sai zare ya maƙale a ciki, burushi ba ya kaiwa, dasashin wajen ya riƙa jini. Ban ankara ba na mayar da tauna duka hagu. Da na je a cike giɓin bayan shekaru, likita ya nuna mini a hoto yadda ƙashin wajen ya sirance ya zama kamar bakin wuƙa, gurbin kuma ya matse, aikin da a da mai sauƙi ne ya zama babba. Ba kowa ne nasa yake kaiwa haka ba, wasu haƙoransu ba sa motsi sosai. Amma shanyewar ƙashin kusan kowa tana samunsa, domin saiwa ce take riƙe da shi, kuma mafi yawan shanyewar a watannin farko take faruwa.

Shekarunki 31. In Allah Ya ba da rai, shekaru masu yawa za ki yi kina tauna da bakin nan. Cike giɓi kuma ba kyauta ba ne. Haƙorin roba mai cirewa shi ne mai araha, amma a wajen turmi ɗaya mutane da yawa sukan gaji da shi su jefa a durowa. Akwai wanda ake yi kamar gada, sai an fere lafiyayyun haƙora biyu na gefe an rataya shi a kansu. Akwai dashen ƙarfe da ake ɗaurawa cikin ƙashi, yana da kyau ƙwarai, amma kuɗinsa ya fi na wankin jijiya da hularsa a haɗe, nesa ba kusa ba. Saboda haka kwatancen gaskiya ba tsakanin kuɗin wanki da kuɗin cirewa yake ba. Tsakanin wanki da hula ne a hannu ɗaya, cirewa da cike giɓi a ɗaya hannun, ko kuma cirewa da haƙurin zama da giɓin.

Ba ki faɗa mini wane turmi ba ne, kuma wannan yana canza amsa. Babban mutum haƙora 32 gare shi, turame uku a kowane lungu. Na farko yana fitowa tun yaro yana shekara shida, shi ya fi daɗewa a baki, shi ya fi yawan yin kogo, shi kuma ya fi ɗaukar nauyin tauna. In shi ne, ya cancanci a yi masa wahala. Na biyu ma haka. In kuwa na can ƙurya ne, wanda yake fitowa bayan an girma, yawanci ba a ɓata kuɗi a kansa, cire shi ake yi, kuma ba a cike gurbinsa.

Ki koma wurin likitan da tambayoyinki a rubuce, kada kunya ta hana ki. Ki ce ya nuna miki hoton. Ki tambaye shi, bayan an kankare ruɓar, abin da zai rage na haƙorin a saman dasashi ya isa ya riƙe hula? Ko da milimita biyu ne na lafiyayyen bango a kewaye ana buƙatarsa, in kogon ya ci har ƙasan dasashi hular ba ta da abin kamawa. Akwai alamar tsaga a saiwa? Haƙorin yana girgiɗi, ƙashin da ke riƙe da shi ya zaizaye? In amsoshin nan ba su yi daɗi ba, maganar ta ƙare, cirewa ce daidai ko da kuɗin suna hannunki. Sannan ki yi masa tambayar da ta fi bayyana gaskiya: Likita, da na ƙanwarka ne, me za ka yi? Ki tambaya ko yana yawan yin wannan aiki a turame, don ya fi na haƙoran gaba wuya, kuma likitan kirki ba ya jin haushin tura mara lafiya wurin wanda ya fi shi sabo da aikin. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ɗauki hotonki ki je sashen haƙori na Shika, ko na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ki ji ta bakin wani. Abin da ba na so shi ne ki faɗa hannun wanda ba likitan haƙori ba, mai filaya a kasuwa ko a bayan kemis. Turmin da kogo ya ci yana saurin karyewa wajen cirewa, guntun saiwa ya rage a ciki da mugunyarsa.

Maganar adashi kuwa, akwai hanyar da ba sai kin zauna da ciwo ba. Tun da aikin zama-zama ake yinsa, ki tambaya ko za a karɓi kuɗin kashi-kashi. Zaman farko, wanda za a buɗe a wanke a zuba magani, shi ne mai kashe wutar, shi ne ba ya jira. A gama wankin, a sa ciko mai ƙarfi na dindindin, a ɗan rage wa haƙorin tsawo don kada ya riƙa karo da na sama, hula kuma ta zo lokacin da kika ɗauki adashi. Wata biyu a haka abu ne da likitoci da yawa za su yarda da shi, in dai kin kiyaye tauna abu mai tauri ta wajen. Ko ki sami uwar adashi ki gaya mata lalura ce, a yi miki musanyen ɗauka da wata. Mata suna yi wa juna wannan a kan biki da suna, balle ciwo. In kuma kina da inshorar lafiya ta wurin aiki, ki bincika abin da ta ɗauke a aikin haƙori kafin ki biya.

Bidiyon da kika gani tsohuwar magana ce aka yi wa sabuwar riga. Wani likitan haƙori a Amurka, Weston Price, shi ya yaɗa ta wajajen 1920. Yakan ciro haƙoran marasa lafiya ya dasa a ƙarƙashin fatar zomaye, in zomo ya kamu da ciwo ya ce haƙorin ne sanadin cutar mai shi. A zamanin an cire wa mutane haƙora masu ɗimbin yawa a kan wannan fahimta. Da wasu suka sake gwajin cikin tsafta da ƙa'ida abin bai tabbata ba, kuma tun wajajen 1950 likitoci suka ajiye maganar. Babu wata hujja da ta nuna wankin jijiya yana jawo ciwon daji. Ki lura ma da wani abu: mataccen haƙori mai ƙwayoyin cuta da bidiyon yake tsoratar da ke a kansa, shi ne wanda yake bakinki yanzu, wanda ba a wanke ba.

Goyo ba ya hana ko ɗaya daga cikin biyun. Allurar kashe zafin da ake yi a dasashi ba ta hana shayarwa, hoton haƙori ma haka. Farasitamol da ibufurofen duk mai shayarwa tana sha, sai dai in kina da gyambon ciki ki faɗa kafin a ba ki na biyun. Ki dai sanar da likita kina shayarwa don ya zaɓi maganin da ya dace. Maganar da ake yi cewa kowace haihuwa tana tafiya da haƙori ɗaya, wai jariri yana zuƙe ƙarfinsa, ba haka abin yake ba. Amai ne na laulayi da yawan ciye-ciyen zaƙi da kumburin dasashi suke taruwa su buɗe wa kogo hanya. Saboda haka ki ce a duba sauran haƙoran tun kina kan kujerar, ƙaramin kogon da aka cike yau ba zai kai ki inda wannan ya kai ki ba.

In shawara ta tsaya a kan cirewa, ki cije audugar da za a sa miki kamar rabin awa. Ranar farko kada ki kurkure baki, kada ki yi ta tofar da yawu, kada ki sa harshe ko tsinke a ramin. Gudan jinin da ya daskare a ciki shi ne murfin ƙashi, in ya fita za ki ji wani zafi bayan kwana biyu zuwa huɗu wanda ya fi na farko, in hakan ta faru ki koma a sa miki magani a ramin. Daga washegari ki riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Kuɗin adashin kuma kada su bi ta wata hanya, ki koma da su a yi maganar cike giɓin tun haƙoran gefe ba su fara kwantowa ba.

Shi kuwa maigida, ina ganin tausayinki ne ya sa ya ce a cire, ya gaji da ganinki riƙe da kumatu ga yaro a hannu. Kada ki mayar da abin gardama. Ki roƙe shi ya raka ki, ya ga hoton da idonsa, ya ji lissafin duka biyun daga bakin likita har da kuɗin cike giɓi. Ki sa ranar a cikin satin nan, ki bar yaron wurin Yayarki na awa biyu. Allah Ya ba ki lafiya, ki rubuto mini abin da hoton ya nuna.